Majiya Mai Tushe da Takalmin Italiya

Allah Ya yi wa Hausawan Dubai gata da Ya ba su Alhaji Abdulganiyyu, mai shagon takalma a Naif, wanda 'yan kasuwa ke kira Majiya Mai Tushe. Ba a taɓa juyin mulki a duniya bai hango shi ba, sai dai tawali'u kan hana shi faɗa sai bayan an yi. Sudan kuwa a tafin hannunsa take, domin jirginsa ya taɓa tsayawa shan mai a Khartum, ya leƙa ta taga.

Da jama'ar Sudan suka fito zanga-zanga, Alhaji ya tanadi bayani biyu, kamar yadda yake tanadar baƙi da ja na kowane takalmi. In mai saye matashi ne, masu zanga-zangar jarumai ne. In mai tumbi ne, 'yan haya ne. Kowanne yakan faɗe shi ƙasa-ƙasa yana waiwaye, don a Dubai ko jarumi yana son bizarsa.

Burinsa ɗaya: ya zama kakakin ƙungiyar 'yan kasuwa. Ranar zaɓe aka taru a wani gidan abinci a Al Muraqqabat. Babban baƙo shi ne Sulaiman, dattijo ɗan Sudan mai jiragen kaya, wanda rabin zauren ke lodi a wajensa. Alhaji ya auna rawanin, ya auna tumbin, ya zaɓi bayani na biyu. Bai damu ba ko da ya yi kuskure, tunda Balarabe ba ya jin Hausa.

Ya ɗaga wayarsa, ya nuna hoton da ya tsinta a zauren WhatsApp na ƙungiya: wani saurayi yana raba shayi a dandalin zanga-zanga. Akwai rubutun Larabci a ƙasa, amma Larabcin Alhaji daga yalla yake farawa, a khalas yake ƙarewa.

"'Yan'uwa, ku bar fuska, ku dubi ƙafa," in ji shi. "Shekara ashirin ina cikin takalmi. Wannan ɗan Italiya ne zalla. Ɗan talaka ya same shi a ina? Akwai hannun ƙasashen waje. Ni na san hannun, tsaro ne ya hana ni faɗa."

Aka fara tafi. Sulaiman ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi magana da Hausa tsaf, irin ta Hausawan Sudan da kakanninsu suka zauna kan hanyar Makka.

"Alhaji, ɗana ne, Ɗalhatu. Hoton ta'aziyyarsa aka sa a zauren WhatsApp ɗin."

Cokula suka tsaya.

"Allah Ya jiƙansa," wani ya ce, zaure ya amsa.

"Amin," in ji Sulaiman. "Takalmin kuma a shagonka na saya masa. Ka rantse min ɗan Italiya ne. Kwana kaɗan ƙasansa ya ɓare, da igiya yake ɗaure shi. Ka ƙara girman hoton, za ka gani."

Ya mayar masa da wayar a hankali.

An zaɓi Rilwanu mai jakunkuna kakaki. Amma kada a rage wa Alhaji haƙƙinsa: ya ce akwai hannun ƙasar waje, ya ce ya san hannun, kuma duk biyun gaskiya ya faɗa.