Yadda Za Ka Shekara Uku Kana Shawarar Sayen Lasisin Kamun Kifi na Alabama

Kai mutumin jihar Tennessee ta Amurka, mai jirgin ruwa da sandunan fatsa goma sha biyu, matso kusa. Mil arba'in ne tsakaninka da tafkin nan na maƙwabciyar jiha, Alabama, inda kifin bas ke da bakin da zai haɗiye dunƙulen hannunka. Abin da ya raba ku kawai lasisin kamun kifi ne na wanda ba ɗan jihar ba, na dala sittin da 'yan kai. Marar tunani zai saya a wayarsa cikin minti biyar. Ni, Lamar Tidwell, sai da na shekara uku ina nazari. Bi matakan nan, na lamunce maka ba za ka yi ƙasa da haka ba.

Mataki na ɗaya: Raina kifinsu

Je shagon Delmar, inda muke sayen tana da ƙugiya. Tsaya gaban hotunan da ya manna a bango, na mutanen da suka ƙetara iyaka suka dawo suna washe baki. Girgiza kai ka ce, "Dabarar hoto ce. Miƙo kifin ya yi gaban kyamara."

Delmar zai ce, "To kai ma miƙo naka mana, mu ga ko zai girma."

Kada ka tanka masa. Sayi gahawa ka fita. Masana sun daɗe da gano cewa duk kifin da ba ka da izinin kamawa, ƙaya ta yi masa yawa.

Mataki na biyu: Yi lissafi, amma ka zaɓi abin da za ka lissafa

Zauna a teburin cin abinci da biro. Rubuta kuɗin lasisi, kuɗin mai, kuɗin soyayyar kazar da za ka ci a hanya. Kada ka kuskura ka rubuta kuɗin jirgi. Jirgi ba kashe kuɗi ba ne, ɗan gida ne.

Ka tabbata matarka ba ta kusa. Tawa, Loretta, ta leƙo ta bayana ta ce, "Lamar Tidwell, ka sayi jirgin da ya fi motata tsada ko ƙifta ido ba ka yi ba, yanzu dala sittin ce ta tsaya maka a wuya?"

"Ba maganar kuɗi ba ce, maganar mutunci ce. Ni zan biya wata jiha don in jiƙa zare?"

"To ɗauke mutuncin naka daga kan teburi, zan ajiye abinci."

Mataki na uku: Nemi shawarar waɗanda ba su sani ba

Ana rubuta dokar a fili, kowa na iya karantawa. Kada ka karanta. Tambayi mutane bayan an tashi daga coci. Wani zai ce lasisinmu na aiki har gada ta biyu. Wani zai ce in ka saki kifin ba ka kama shi ba ke nan. Mai askina ya rantse cewa jami'an kula da tafki ba sa fita ranar Talata. Tattara su duka ka riƙe. Wannan matakin kaɗai zai ci maka shekara guda.

Mataki na huɗu: In surukinka ya roƙa, ce masa mako mai zuwa

Baba Harlan, mahaifin Loretta, yana da shekara tamanin da ɗaya. A Alabama aka haife shi, kuma gonar mahaifinsa tana ƙarƙashin wannan tafkin tun lokacin da aka datse kogin yana saurayi. Bai taɓa komawa ba. Da ƙafafunsa suka fara ƙin ɗaukarsa, sai ya fara cewa, duk ranar Lahadi in mun zauna cin abinci, "Ɗana, yaushe za ka kai ni? Ina so in ga waɗanda ke zaune a ɗakin girkin mahaifiyata yanzu."

Ka ce, "Mako mai zuwa, Baba, bari iska ta lafa." In iska ta lafa, ka ce zafi. In zafi ya wuce, ka ce injin jirgin na tari.

Na yi shekara biyu a haka. Wata Lahadi bai tambaya ba. Ya ci abincinsa, ya ce a mai da shi gida. Kallo ɗaya Loretta ta yi mini. A nan ne wannan matakin ke ƙarewa, ko kana so ko ba ka so.

Mataki na biyar: Tafi, amma kada ka yanke shawara

Ga dabarar da na fi alfahari da ita. Direban jirgi ba masunci ba ne. Loretta ta saya wa Baba lasisinsa, ni kuwa na bar sandunana duka a gida, na ce tuƙi kawai zan yi.

Mun shiga ruwa da hantsi. Baba yana duban tuddai yana nuna mini hanya da haɓa: hagu, ƙara gaba, tsaya daidai da wancan dutsen. Na kunna na'urar da ke nuna ƙasan ruwa. Ga tarin duwatsu a jere, ƙafa ashirin a ƙarƙashinmu.

"Murhunmu ke nan," in ji shi. "Ni na ɗauko rabin duwatsun nan a ka."

Ya cire hularsa ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya mai da ita, ya jefa fatsa.

Mataki na shida: Duk abin da ya faru, kada ka taɓa sandar

Ba a yi minti goma ba sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Kifin ya ja, Baba ya zame daga kujera, na cafko bel ɗin wandonsa ta baya.

"Riƙe min, Lamar! Hannuna ya mutu!"

Na ɗaga kai. Can gefe ga koren jirgin hukuma, wata jami'a a tsaye da madubin hangen nesa a idonta. Kuma Talata ce.

"Baba, ba ni da lasisi."

"Ba ka da me? Shekara uku, ɗan banza, shekara uku! Riƙe!"

Ƙwararre zai naɗe hannu. Ni na karya dokar kaina. Na ɗora hannuna a kan nasa, muka ja tare, yana zagina yana dariya, har kifin ya taso ya buɗe baki. Na sa raga na kwaso shi. Laba tara da rabi.

Mataki na bakwai: Gai da hukuma da ladabi

Jami'ar ta matso a hankali ta kashe injinta. "Sannunku da aiki. Yallaɓai, ɗaga shi sama, in ɗauke ku hoto." Ta karɓi wayata ta ɗauka har sau huɗu, ta gyara wa Baba hula. Sannan ta ce, "Lasisi fa?"

Baba ya miƙa nasa. Ni na ce, "Ranki ya daɗe, ina kan shawara."

"To ci gaba da shawara, ni bari in yi rubutu."

Tarar da ta rubuta mini ta ninka kuɗin lasisi sau huɗu. Tana cikin rubutu, Baba ya sunkuya ya zura kifin cikin ruwa, ya riƙe shi har ya motsa wutsiya. "Koma gida," ya ce masa. "Ka kula min da wurin."

Na sayi lasisin a wayata kafin mu kai gaɓa. Minti huɗu ya ɗauka. Mun koma sau shida a wannan shekarar.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Tararsa tasa ce, fushin matarsa nasa ne, ban san shi ba, bai san ni ba. Haka nan ba ni da hannu a labarin da Baba Harlan ke bayarwa yanzu a ƙofar coci, inda kifin ya kai laba goma sha huɗu, shi kaɗai ya jawo shi da hannu ɗaya, ni kuma wai na faɗa ruwa ina kiran sunan Loretta. Ban faɗa ruwa ba. Amma in kun ji yana faɗa, ku ce haka aka yi.