Yaƙin Ƙwayaye Huɗu

Da sunan Mai lissafin da ba ya kuskure. Wannan tarihin Sallau ne, ɗan Mati mai gyaran rediyo, jikan Barmo mai liƙin fitila, Barden Dalma, Sarkin Yaƙin Wayoyi, wanda ya shekara bakwai a makarantar fasaha yana karatun shekara huɗu, har hukuma ta ce in aikinsa na ƙarshe ya faɗi, ya tattara ya koma gida.

Sai ya ɗaura ɗamara ya rantse zai ƙera na'urar da ke ninka lamba kafin ƙiftawar ido, bisa wata tsohuwar dabarar lissafi ta mutanen Indiya, wadda ake ninkawa a tsaye sannan a gicciye. Kwana arba'in yana fafatawa da rundunar wayoyi, ya kifa allon na'urar yana liƙi ta baya, hayaƙin dalma ya turnuƙe, ya ƙone yatsa uku bai ja da baya ba. Ƙwayayen fitila huɗu ya jera don ba da amsa: daga dama, mai daraja ɗaya, mai biyu, mai huɗu, mai takwas; darajar waɗanda suka kama ake haɗawa a sami amsa.

Ya gwada biyu sau uku, na tsakiya biyu suka kama: shida. Ya gwada uku sau uku, na gefe biyu suka kama: tara. Ya yi kabbara ya tafi cin tsire. Ni kuwa na ce gwaji biyu ba gwaji ba ne, lalaci ne.

Ranar gumurzu ya tsaya gaban Dakta Kuluwa, mai jarrabawar da ba a taɓa ganin haƙoranta ba.

"Biyu sau biyu," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, wannan ai raini ne ga na'urar."

"Danna."

Ya danna. Cikin saurin da tarihi bai taɓa gani ba, na'urar ta ce biyu.

Barde ya jiƙe da gumi. Ashe wanda ke liƙi ta baya, damansa hagu ce, kuma ƙwayayen shida da na tara, ko ta ina aka dube su, ba sa canzawa.

Dakta ta miƙa yatsa biyu ta juya allon, ƙasa ta koma sama. Huɗu.

Ta ba shi makin tsira da ƙyar, ta sa ya rubuta a jikin allon da babban baƙi: NAN NE SAMA.