Asalin Waƙar "Shuni Ya Zauna", Daga Bakin Wanda Aka Yi Wa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara ganin Tasalla ba, kuma ko na so in manta, matan da ke daka a bayan katangata ba za su bar ni ba. A kasuwar Tasawa ne, tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan. Tana zaune gaban faifan zare, ta ɗaga hannu tana kare rana, awarwaro ya zame mata har gwiwar hannu. Iyakar abin da na gani ke nan. Na zo sayen gishiri, na koma gida da zaren da ba ni da abin yi da shi.

A lokacin kaina cike yake da labaran da fatake ke bayarwa a zango: saurayi ya ga budurwa, ya yi wata bajinta a gaban jama'a, ta sunkuyar da kai tana murmushi, shi ke nan sai ɗaurin aure. Ban taɓa jin labarin da saurayin ya tsaya ya yi tunani ba, don haka ni ma ban tsaya ba.

Na bi sawu na gano ƙauyensu can wajen Baudeta. Na yi ta zarya har ta fara dariya in na yi magana, har tsohonta ya fara amsa gaisuwata ba tare da ya tambayi ɗan wa ne ba. Sai aka sa bikin wata ƙawarta, aka ce Tunau ne zai yi kiɗa. Ku yaran yanzu ba ku san Tunau ba. Ɗan siririn mutum ne mai kalangu, wanda in ya kira sunanka da yamma, kafin kasuwa ta zagayo an san ka har Mayahi. Na ce to, ga ranar bajintata ta zo.

Matsala ɗaya, ba ni da riga. Taguwar saƙi gare ni, wadda ta sha wanki har ana hango fata.

Ƙanin uwata, Kawu Labo, yana da babbar riga kore da ya sayo a Kano, baƙa wuluk, ta sha shuni ta sha bugu, tana walƙiya kamar bayan hankaka. A adudu take kwana, da tazargade. Na je na tsuguna.

"Kawu, aron kore nika so."

"Wace kore?"

"Kawu, ai guda ce."

"To tunda ka san guda ce, mi ya kawo ka?"

Sai da uwata ta sa baki ya yarda. Ya miƙo ta da hannu biyu yana lissafa mini sharuɗɗa: kada in zauna, kada in jingina, kada in ci abu mai miya, kada in bari yaro ya taɓa. (Abin da bai faɗa ba shi ne zai biyo rigarsa bikin a kan jaki ya tsaya bayan darni yana gadinta. Wannan sai daga baya na sani.)

Bazara ce, irin wadda kaji ke buɗe baki. Na duba taguwata na ce in na sa ta a ciki wuyanta zai leƙo ya tona mini asiri. Na tuɓe ta na rataye. Na zura kore a kan fata, daga ni sai wando, na kama hanya. Ina tafiya ina zufa, ina jin kaina kamar ɗan wani attajiri.

Da la'asar fili ya cika. 'Yan mata sun yi da'ira suna tafi, Tasalla na cikinsu da sabon lalle. Sanƙiran Tunau, wato mai yi masa shela, ya hango walƙiyar riga tun daga nesa, ya matso ya tambayi sunana da na ubana. Ban gama rufe baki ba kalangu ya juyo kaina. Tunau ya kira ni ɗan masu rumbu, ya kira ni hadarin gabas, ya ce in na ratsa gona gero kan sunkuya. Mu da rumbunmu ɗaya, shi ma ya karkace! Amma na yarda da shi. Na dubi Tasalla, ta rufe baki da gefen zane tana dubana.

Wane ne ya fara cire riga ya jefa? Wani ɗan mai shanu ne. Ya tuɓe ta sama ya miƙa wa Tunau, ya tsaya da wata fara ƙal a ƙasa, mata suka rangaɗa guɗa. Abin da kowane yaro a wurin ya sani ke nan, ni kaɗai ban lura ba: mai niyyar yi wa makaɗi kyautar riga, biyu yake sakowa daga gida. Ta saman ta makaɗi ce, ta ƙasan ta mutuncinsa.

Ni kuwa guɗar nan ta shiga kaina. Na kama kore ta wuya, na zare ta, na ɗora wa Tunau a kafaɗa.

Guɗa ta tashi, ta kai rabi, ta mutu.

Na dubi jikina. Ni mutum ne mai ɗan haske, ga zufa tun daga gida. Shuni ya zuba ya kama ni daga wuya har cibiya, ya bi haƙarƙarina layi-layi, ya taru a hammata. Ba baƙi ba, ba shuɗi ba, wani irin launi na ƙadangaren da ya faɗa karofi. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha, ɗan wa aka rina?"

Da a nan abin ya tsaya, da na jure. Sanƙira ma ya so ya rufa mini asiri, ya ɗaga riga yana shela: "Ya ba da kore! Ya ba da ita bai bar komi ba!" Wasu har sun fara cewa yaron nan da zuciya.

Sai darni ya buɗe.

"Kai! Kai mai kalangu! Aje ta!"

Kawu Labo ne, da sandar jaki a hannu, yana ture mata.

"Baba, lahiya?" in ji Tunau.

"Rigata ce! Aro ya yi! Wanga yaro ko allura bai da ita, bari riga!"

"Baba, abin da ya hau kahwaɗar makaɗi ba ya sauka. Ka sani."

"Yau shina sauka."

Dattawa suka taso suna ba shi baki. "Labo, ka bari a gama, a yi magana a gida. Labo, kada ka jawo ma kanku." Ina! Ya kama hannun riga, sanƙira ya kama ɗayan, suka yi ta ja ina tsaye tsakaninsu, na harɗe hannuwa a ƙirji kamar amaryar da aka buɗe wa lulluɓi. Tunau ya dubi sanƙira ya ce, "Sakam mishi." Ya faɗe ta a hankali, har da murmushi. Duk wanda ya san makaɗa, da ya ga murmushin nan ya san an gama da wani.

Kawu ya naɗe rigarsa ya hura mata ƙura ya tafi. Tunau ya matse kalangu, ya zagaye ni sau ɗaya yana kallo, ya ɗaga murya:

"Riga ta koma gida, shuni ya zauna,
Ɗan kawu, wa zai kai ka rijiya?"

Kafin ya maimaita, 'yan mata sun kama amshi. Shuni ya zauna! Shuni ya zauna! Har da tafi, tafin ma ya zauna daram kamar sun shekara suna koyo. Ban dubi wajen Tasalla ba. Na ratsa fili da gudu, yara na bina.

Ga abin da ke ƙona mini rai har yau. Wa ya karya al'ada? Kawu. Wa ya ƙwace kyauta daga kafaɗar makaɗi? Kawu. Amma ku saurari waƙar daga farko har ƙarshe, babu sunan Labo a ciki. Ya mutu da mutuncinsa, ana ce masa dattijon kirki. Na taɓa tare Tunau a kasuwa na tambaye shi dalili, ya ce, "Kawunka mi gare shi na kallo? Tsoho ne da sanda. Kai kuwa ai Allah ya kawo min kai da launi." Ya so ma in gode masa.

Washegari na bi ayarin fatake zuwa Damagaram, ban yi wa kowa sallama ba. Na dirje jikina da toka da yashi har fata ta yi ja. Shuni ya fita, waƙa ba ta fita ba. Na iske ta a zangon farko, a bakin wani mai ba raƙuma ruwa. Ta riga ni isa ko'ina. Matan daka suka ɗauke ta don ta dace da faɗuwar taɓarya, masu noman gayya suka ɗauka, 'yan dambe suka mai da ita abin tsokana.

Yanzu kuma kowa ya zama masanin asalinta. Wani ya ce marini ne ya faɗa karofi. Wani ya ce ta yaƙi ce, wai an kori mahara sun bar tabo. Akwai wani saurayi da ya rantse mini ta soyayya ce, wai masoyi ya tafi ƙaunarsa ta zauna a jiki, yana faɗa yana lumshe ido. Na kusa kwaɗa masa sanda, ba don komai ba sai don kamar ni ne nake magana. Ƙarya suke yi duka. Rigar Kawu Labo ce da haƙarƙarina.

Abin da na koya bai da yawa: in kalangu ya ce maka hadarin gabas, ka leƙa ƙarƙashin rigarka kafin ka yarda.

Tasalla kuwa, da na dawo na tarar an kai ta wani gari wajen Mayahi. Ban sake ganinta ba sai da muka tsufa, a wurin wata gaisuwar mutuwa. Ba haƙori ko ɗaya a gaba, da jika a baya. Ta ƙura mini ido ta ce, "Ɗan kawu, kai ne?"

Na ce, "Ni ne. Kin gama dariyar?"

"Wa ya ce ka gudu? Baba dariya ya yi har ya shaƙe, ya ce yaron da ya ba da rigar da ba tashi ba, in ya samu tashi ai ɗiyata ba ta kwana da yunwa. Damina biyu muna jiranka."

Na ce, "Amma an ce min ke kika kai waƙar turmi."

"Ni ce. Ka tahi ka bar ni da ita, in zubar?"

Jikan ya fara kuka. Ta juya tana jijjiga shi, ta nufi wajen mata, ina jin abin da take rera masa.