Hancina da Mayafin Hajiya

Ko na so in manta da ranar bikin ƙawata Ramatu a unguwar New Bell ta Duwala, hancina ba zai bari ba, don har yau akwai ɗan tabo a gefen hagu.

Mu ƙawayen amarya ne muka yanke shawarar kowa ta saka ɗan hanci da ankonta. Ni kaɗai ce ba ni da huji, sai na je wurin wata mai huji a bayan kasuwar Dakar. Ta huda, ta zura baƙin zare, ta ce in riƙa wankewa da ruwan ɗumi da gishiri, kar in taɓa, kar kuma in cire zaren sai wurin ya bushe sarai. Na ce to. (Ni dama wurin cewa to ba a fi ni ba.)

Sai dai biki ya matso, ga zafin Duwala da ba ya barin ciwo ya bushe. A wannan bikin ne kuma Bashir, wanda ke nemana, ya shirya in fara gaisawa da mahaifiyarsa Hajiya, mace ce da ake cewa kallo ɗaya take wa mutum ta gama da shi. Ta riga ta ƙi wata kafin ni. Na ga ba zan tsaya gabanta da zare a hanci kamar buhun da aka ɗinke ba. Na tsinke zaren, na tura wani ɗan hanci mai dutse da na saya a kasuwar Mboppi, ina hawaye. Da wurin ya kumbura na shafa jan maganin nan na farmasi, na bi shi da hoda.

Bashir ya taɓa gaya mini Hajiya ta yi shekaru tana aikin ofis, Faransanci a bakinta kamar ruwa. Don haka da aka kai ni gabanta, maimakon in durƙusa kamar yadda aka koya mini a gida, sai na ga gara in nuna ni ma wayayya ce. Na sunkuya na kai mata gaisuwar kumatu irin ta ofis. Kumatun dama ya wuce lafiya. A na hagu ne ɗan hancin ya maƙale a farin mayafinta na leshi.

Na ɗan ja, na ji zafi har tsakar kaina. Gumi ya narkar da hodar, jan maganin ya soma zane a mayafin, wata ta ce jini ne, mai waƙa ma ta yi shiru. Ga ni a duƙe, fuskata manne da kafaɗar matar da na zo burgewa.

Hajiya ko gezau. Ta ce a hankali, "Kar ki ja, 'yata. Doucement, sannu-sannu. Biyo ni."

Haka muka ratsa rumfar biki daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tana tafe ina biye da hanci. Kunyar da na ji ba ta misaltuwa. A ɗaki ta sa aka kawo almakashi, ta yanke mayafinta da hannunta, ta zare ɗan hancin, ta wanke wurin da ruwan gishiri. Tambaya ɗaya ta yi mini: me mai hujin ta ce in yi? Na gaya mata. Ta ce, "To, ai kin ji a jikinki."

Na koma gida a kan bensikin, wato babur ɗin haya, da tabbacin zance ya ƙare. Bayan kwana biyu Bashir ya zo yana danne dariya, ya ce Hajiya ta amince. Wai cewa ta yi, "Yarinyar da ta riƙe ni haka ranar farko, kai ma ba za ta sake ka ba."

Hujin dai ya toshe, ban kuma sake yin wani ba. Mayafin yana cikin akwatin lefena da hudarsa, Hajiya ce ta saka da kanta. Yanzu idan aka ce in bar abu ya warke ina barinsa, manya kuma daga ƙasa nake gaishe su, inda babu abin da zai maƙale.