Rasuwar Sufana Sha-Tara a Ƙarƙashin Akori-Kura

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, Malam Ajimi direba na unguwar Gwange yana sanar da 'yan uwa, da abokan arziki, da maƙwabta masu yawan aro, rasuwar sufanarsa mai lamba goma sha tara, wadda aka fi sani da Sha-Tara. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar, a ƙarƙashin akori-kurar gidan, tana bakin aikinta.

Marigayiya ba ta da yawan magana. In ta kama noti sai ka ji ƙiƙ, ƙiƙ, an gama. In ta faɗi a siminti takan ce ƙarau, da muryar da Malam Ajimi ke ganewa ko daga bayan katanga. Ta ratsa shingayen bincike ba adadi, ba a taɓa tambayar ta katin shaida ba. Lokacin dokar hana fita ta yi zaman gida ba ƙorafi, har ta riƙa taya mai ɗakinsa Yagana fasa ƙanƙara, aikin da maigidan bai san da shi ba sai wajen zaman makoki.

Ajalinta ya biyo ta hanyar shinkafa. Ya Binta, matar yayan Malam Ajimi, ta noma shinkafa a Zabarmari, an yanke, an casa, buhuna suna jiran mota a bakin gona. Ba a shiga wajen sai ranar da aka ba da rakiyar jami'an tsaro, rakiyar kuwa ta faɗo Alhamis. Wanda ya rasa ta sai wani mako, kuma a zamanin nan buhu ba ya kwana bakwai a daji yana jiran mai shi. Abincin shekara ke nan na Ya Binta da 'ya'yanta huɗu. Ana cikin haka, ranar Talata, sifirin ɗin baya ya karye, mota ta zauna gefe guda kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu.

Malam Ajimi ya samo wani sifirin, ya ɗaga mota a tsakar gida, ya shiga ƙarƙashi tun hantsi. Noti uku suka fito cikin mutunci. Na huɗun, wanda ya shekara goma yana shan laka a fadama, ya ce shi da tsatsa mutu ka raba. Aka ba shi kananzir, ya shanye. Aka ba shi man birki, ya shanye. Aka ɗebo garwashi daga murhun Yagana aka gasa shi, aka bi da guduma, ko gezau. Har lemon kwalba aka zuba masa bisa shawarar wani mai wucewa, wanda ya tsaya ya shanye ragowar.

Da rana ta karkata, tsoro ya kama Malam Ajimi, don ya fara hango buhunan nan a hannun wasu. Sai ya zura wa marigayiya dogon bututun ruwa a wutsiya, ya aika a kira maƙwabcinsa Malam Jonathan, malamin makaranta, mutumin da 'yan keken haya ke yi kamar ba su ga hannunsa ba.

"Malam Ajimi, ƙarfen nan zai ɗauke ni kuwa?"

"Hau kawai, Malam Jona. Ta ɗauki abin da ya fi ka."

Wannan magana ba gaskiya ba ce, domin duk Gwange babu abin da ya fi shi. Ya hau, ya yi tsalle sau ɗaya. Noti ya ce ƙiiiƙ, ya juya. Sha-Tara ta ce ɗas, kuma wannan ne furucinta na ƙarshe. An tsamo Malam Jonathan daga bahon wanki lafiya lau, noti kuma da yatsu aka ƙarasa kwance shi. Ranar Alhamis mota ta bi sahun rakiya, ta dawo da shinkafar Ya Binta, ko buhu ɗaya ba a bari ba.

Marigayiya ta bar guduma, da jak, da filaya mai haƙori ɗaya, da ƙanwarta Sha-Bakwai, wadda ta tafi aro gidan Peter mai faci shekara uku da suka wuce, har yau ba ta dawo ba.

A nan ne iyalai suka ga ya dace a faɗi gaskiya. Malam Ajimi, wanda ke tare mutane a hanya a kan kayan aro, shi ma aron Sha-Tara ya yi. Ta yayansa Habib ce, mijin Ya Binta. Ya karɓe ta wata safiya, ya ce da yamma zai dawo da ita. A ranar ne Habib ya ɗauki lodi ya bi hanyar Baga, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shekara shida Malam Ajimi yana ɓoye ta, yana tsoron Ya Binta ta gani ta yi kuka, yana kuma tsoron ta karɓe abinta.

Da aka gama sauke buhuna, Malam Ajimi ya ajiye gutsure biyun da Sha-Tara ta karye a gaban Ya Binta, ya sunkuyar da kai. Ta shafa zane uku da ke jikin hannun sufanar, ta daɗe tana kallo.

"A gabana ya yi zanen nan da magagari," in ji ta. "Ashe bana ma shi ya kawo mana abinci gida."

Ga tsarin jana'iza. An gode wa Malam Jonathan da tayin kai gawa wurin mai walda, amma iyalai sun ƙi. 'Yan jari-bola kada su wahalar da kansu. Za a rataye kan marigayiya a cikin mota, tunda ba ta taɓa fashin tafiya ba. Hannunta mai zane uku kuwa zai kwanta a akwatin Ya Binta, kusa da hular Habib. Sadakar uku ranar Asabar bayan azahar a ƙofar gida, dafa-dukar shinkafar Zabarmari, an tanadi kwano na musamman domin Malam Jonathan. Malam Ajimi yana roƙon duk mai zuwa, in yana riƙe da kayan aro, ya biya ya mayar tun mai shi yana nan.