Tayar da Ke Tsai da Ni a Rijiyar Gawo Ta Rasu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, ni Saminu ɗan Mahamadu, mutumin Damagaram, mai allurar shanu da gwamnati ta ajiye a Tibiri, nake sanar da jama'ar Arewa, ƙasar Arawa ta Dogon Dutsi, na gari da na ruga, rasuwar abokiyar tafiyata, tayar bayan babur ɗina, wadda aka fi sani da Baƙa. Rai ya yi halinsa a makon da ya wuce, da azahar, a kan jar tsakuwar da ke gab da Kore Mairuwa, bayan doguwar jinya da ta ɗauka ba raki ba ƙorafi. Malamai su yi mini afuwa, na san roba ce. Amma duk wanda ya san wani a ƙasar nan da ya fi ta kusa da ni, ya fito ya faɗi sunansa in ji.

Marigayiya ta iso Arewa a bayan babbar mota daga Yamai, ba da jimawa da ɗaga sabuwar tutarmu ba. Ni ma a lokacin aka kawo ni. Dukanmu baƙi ne. Ita ba ta san rairayi ba, ni kuma in Arawa suka saki baki da sauri, rabin maganar wuce ni take yi. Mariama, uwar 'ya'yana, na bar ta a Damagaram da alkawarin cewa kafin damina ta dawo za a maida ni gida. Damina ta dawo, ta sake dawowa, gwamnati kuwa da alama ta manta inda ta ajiye ni.

Ina shaida wa marigayiya da haƙuri. 'Yar'uwarta ta gaba ce ke fara shiga gari, ita ake kallo, ita ke zaɓar hanya. Baƙa tana baya, ni a kanta, akwatin allura a kanta, buhun gero in an yi albashi a kanta. Ta ci rairayin Sukukutane har wuya. Ta taka ƙayar aduwa da bakinta rufe. Da damina, in muka faɗa laka a fadama, ita ke tono tana fesa mini a baya, kuma ita ke fid da mu. Ban taɓa ce mata sannu ba, don a lokacin ban san ana ce wa taya sannu ba.

Wanda bai san aikina ba, ba zai gane girman rashin nan ba, don haka bari in faɗa. Allurar bushiya, annobar nan mai share garke, nake yi wa shanu, kuma duk saniyar da na soka sai in tsaga mata kunne don shaida. Bafulatani kuwa ba ya yafe wa mutumin da ya taɓa kunnen saniyarsa. Ga shi sun ɗauka duk mai kaki da ya kalli garke, ƙirga shi yake yi don jangali. Saboda haka tun daga nesa, da an ji ƙarar babur ɗina, ruga sai ta zama kufai. In iso in tarar da toka da ɗumi, da kashin shanu yana tururi, ba mutum ba dabba. A cikin gari kuma ana girmama ni, girmamawar da ta ishe ni. In na doso majalisa sai a miƙe, a ce ranka ya daɗe, a jira in wuce sannan a ci gaba da hira. Ma'aikatan biro, wato ofishinmu, kowa da iyalinsa. Habsatu mai tuwo tana ajiye mini kwano a bakin ƙofa, in ci ina kallon bango. Wallahi akwai ranakun da in ban da sallah, ba abin da ke buɗe mini baki.

Ciwon marigayiya ya fara da bazara, a hankali, irin ciwon masu kunya. Da safe in buga mata iska ta yi tauri kamar dutse, kafin rana ta take sai in ji babur yana lilo a ƙarƙashina. Na kai ta Dogon Dutsi wurin Jibo mai faci. Ya zare robar ciki, ya hura ta, ya nutsa ta cikin daro yana juyawa a hankali yana neman kumfa. Ba kumfa. Ya shafa yawu a bakin bawul ya zuba ido. Shiru. Ya kara ta a kunne kamar mai sauraron gulma. Da ya gaji sai ya share hannu a wando ya ce, "Likita, wagga taya ba huji gare ta ba. Numfashi takai, kamar ni da kai. Ka sayi famfo, ku zamna lahiya."

Na sayi famfo. Na fita ina tsaki, ina zagin Jibo da kakan Jibo a zuci. Ashe alheri ya yi mini.

Marigayiya tana da ƙa'ida a ciwonta. In na cika ta a Tibiri da safe na kama hanyar daji, ba ta kwantawa a ko'ina sai a Rijiyar Gawo, inda mutanen rugar Baffa Sambo ke shayar da shanu. Daidai nan za ta fara kiranta, lab, lab, lab, har in tsaya. Ranar farko da haka ta faru, kafin in sauka samari sun kora garke, mata sun ɓace bayan geza. Na durƙusa cikin rairayi da kakina. Fatar famfo ta bushe ta ƙi kama iska, ƙarfen da ake jingine babur a kai yana nutsewa, babur yana faɗo mini a kafaɗa, gumi yana shiga mini ido. Ina cikin wannan wulaƙanci sai na ji nauyin ya ɗauke. Na ɗaga kai na ga wani tsoho dogo da malfa ya riƙe ƙahon babur da hannu biyu, yana kallona. Sai ya ce, "Sannu."

Jama'a, tun zuwana Arewa ake gaishe ni, amma ranar aka fara yi mini sannu. Mai kaki a kan babur gwamnati ne. Mai kaki a durƙushe yana fama da famfo kuwa, bawan Allah ne da hanya ta kayar.

Na ce da za a sami ɗan mai in shafa wa fatar famfo. Tsohon, wanda ashe shi ne Baffa Sambo, ya juya ya yi kira da Fulatanci, sai ga matarsa Inna Hure ta fito daga bayan geza da man shanu a bakin ludayi, tana miƙo shi daga nesa kamar mai ba kura abinci. Famfo ya sha mai ya kama aiki, ƙiƙ, ƙiƙ, ƙiƙ. Bayan mai aka kawo ruwa. Bayan ruwa aka kawo nono, wai kada in faɗi a hanya a ce su suka kashe ni.

Tun daga ranar abin ya zama al'ada. In sun ji ƙarar babur sukan saurara, in da lab, lab a cikinta ba mai korar saniya. Baffa Sambo ya riƙe ƙaho, ni in durƙusa, Inna Hure ta sauke ƙwarya a gindin gawo tana tokare ta da ƙafa don kada ta kife cikin rairayi. Ina bugu muna hira. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a Damagaram akwai duwatsu a tsakiyar gari. Ya tambayi sunayen 'ya'yana, kuma bai taɓa manta ko ɗaya ba. Inna Hure ta ce mutumin da ba mace a gidansa ba abin mamaki ba ne in ya rame kamar igiyar guga, a ƙara masa nono. Can sai Baffa ya sunkuya ya danna marigayiya da babban yatsa ya ce, "Saura kaɗan, ɗana." In ci gaba da bugu a hankali. Ya sake dannawa, ya sake cewa saura. Ni na san ta cika, shi ma ya san ta cika. Sai inuwar gawo ta gusa sannan zai ce, "To, ta yi, Saminu. Allah shi kiyaye."

Ban taɓa buɗe akwatin allura a rijiyar nan ba. Shanun Baffa an yi musu tasu a turken gwamnati kamar na kowa, dogarin gwamnati yana tsaye da bulala. Ranar bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, na tsaga kunnuwan shanunsa. Na ce shi ke nan, na rasa shi. Amma da muka sake bi ta Rijiyar Gawo marigayiya ta kwanta, sai ga shi ya taso ya riƙe ƙaho. Bai ce mini ɗana ba ranar, amma ya ce saura. Wannan sulhu Baƙa ce ta yi shi, ni ba ni da bakin yin sa.

A watannin ƙarshe jikinta ya yi nisa. Zanenta ya shafe, zare ya fara leƙowa ta gefe, faci ya hau kan faci. Ranar da abin zai faru, mun wuce rijiya lafiya, ta sha iskarta a hannun Baffa kamar kullum. Gab da Kore Mairuwa sai ta kwanta a inda ba ta saba ba. Na sauka na sa famfo. Ina bugawa tana fitarwa, fuuu, doguwar ajiyar zuciya, wuyan bawul ya rabu da roba. Duk tsawon jinyarta ban taɓa jin fitar iskarta da kunnena ba sai ranar. Na tura ta da hannu har cikin gari. Da na kai wa Jibo gawar washegari, ya juya ta sau ɗaya, ya cire hula ya ce, "Sai haƙuri, Likita."

Biro ya aiko da wadda ta gaje ta daga Doso, sabuwa fil, mai zane kamar haƙoran zarto. Ba ni da abin zarginta. Tana riƙe iska kamar marowaci, tun da aka ɗaura ta ba ta nemi komai a wurina ba. Na hau ta na kama hanyar daji, muka iso Rijiyar Gawo ba lab ba lilo. Na tsaya duk da haka. Hira ta yanke. Baffa Sambo ya taso a hankali, ya sunkuya, ya danna da babban yatsa. Yatsa bai shiga ba. Ya miƙe ya kalli akwatin da ke bayana, sannan ya kalle ni.

"Lahiya lau take," in ji shi. "Mi yat tsai da kai, Likita?"

Likita! Ta yaya namiji da gemunsa, ma'aikacin gwamnati, zai ce wa dattijo kaɗaici ne ya tsai da ni? A bayansa samari har sun fara kora garke, Inna Hure tana ɗora ƙwarya a ka. Na ce ba komai, Baffa. Na tashi babur na tafi, kuma ban iya waiwayawa ba. Na yi tunanin in riƙa sassauta bawul kafin in iso, amma yatsan Baffa ba a yi masa ƙarya, ni ma ba na son in yi masa.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yar'uwarta ta gaba, wadda ko a jikinta. Ta bar sarƙa, da ke kuka tun ranar ko an sa mata mai. Ta bar famfo, majinyacinta, yana rataye a ƙusa a ɗakina ba aikin yi, har yanzu in na matsa kusa da shi ina jin ƙanshin man shanu. Ta bar Jibo, wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ta kuma bar ni.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a jefar da gawa a juji ba. Jibo ya yanka robar ciki siri-siri, za a raba wa masu jakai sadaka su ɗaure kaya. Gangar jikin kuwa za a kai ta Rijiyar Gawo ranar Lahadi mai zuwa, a kwantar da ita a gindin itacen, don Inna Hure ta riƙa ɗora ƙwarya a kanta, ta huta da tokarewa da ƙafa. Ɗan'azumi mai jaki ya yarda ya ara mini jakinsa. Zan zo ba babur, ba kaki, ba akwati, da goro kawai da ɗan dabino. Ba a karɓar gudummawa. Za a zauna daga hantsi har inuwar gawo ta gusa.

Ina roƙon mai shela ya faɗi wannan a kasuwar Tibiri, matan da ke kawo nono kuma su kai shi ruga da Fulatanci, su sa shi a kunnen Baffa Sambo. Su ce masa ya yi mini tambaya ban ba shi amsar gaskiya ba, ga amsar: rashi aka yi mini, zan zo zaman makoki, kuma ina fatan ba za a kora shanu saboda mai makoki ba. Ba na neman addu'a ga roba. Sannu kawai nake nema.

Wanda zai zo ya taho da tabarmarsa, don tawa ta mutum ɗaya ce.