Ranar da Babur Ɗina Ya Toshe Zauren Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Hadiza a Lajawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, albashinmu na malaman firamare ya ɗan motsa, ni ma na sayi babur. Da yake ni matsoraci ne (ko tsallake kwata zan yi sai na yi bisimilla), na nufi wajen Sale mai walda a kasuwar Wudil ya sa mini ƙarfen nan da ke kare ƙafa in an faɗi. Ya nuna mini irin na 'yan acaɓa, na ce ya yi ƙanƙanta.

"Malam, babur ne fa, ba tarakta ba."

Na ce ƙafarsa ce ko tawa? Sai ya ƙera mini wani mai faɗi kamar ƙahon bijimi. Wallahi daɗi na ji.

Hadiza nake nema da aure, kuma a ranar ne mahaifinta zai ba ni amsa. Na tarar da shi cikin zaure da dattawan gidan, ga hadari ya haɗu. Ya hango babur ɗin a waje, ya ce:

"Shigo da shi ciki, ɗana, kada ruwa ya dake shi."

Na tura, ƙarfe ya ci bango. Mai hankali da baya zai ja. Ni kuwa kunya ta sa na ƙara dannawa da ƙarfina, babur ya kafe a ƙofa, ba gaba ba baya. Ana cikin haka aka kira sallar la'asar.

Haka dattawan nan suka riƙa tattare babbar riga suna haure babur ɗina ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe da kariyar bayan babur ɗin ina ta "Sannu Baba, a hankali Baba." Rigar mahaifin Hadiza ta maƙale a madubi, sai da na tsuguna na cire masa. Daga cikin gida ina jiyo dariyar mata, har da muryar da na sani. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da gatari aka sassare bangon kafin babur ya fita. Baba ya dubi ɓarnar, ya dube ni.

"Mun ba ka. Amma ranar ɗaurin aure ka zo da ƙafa."

Har na sayar da babur ɗin ban taɓa faɗuwa ba, a Lajawa kuwa har gobe Toshe-ƙofa ake kirana. Abin da na koya shi ne, kafin ka sayi abin kare ƙafarka, ka fara auna ƙofar surukanka.